Filin Tambaya da Amsa: Gahawar da ake ce wa "oganik", wa ke cin ribarta?

Assalamu alaikum jama'a. Tunda na ɗan taɓo zancen gahawar Habasha a fitowar da ta wuce, inda nace yawancinta ƙananan manoma ne ke nomawa a bayan gida da cikin kurmi ba manyan gandaye ba, saƙonni suke ta shigowa kamar ruwan Agusta, har da masu cewa wai yaushe na koma ɗan gahawa ni da aka sani da shayi da burodi. Toh na tsinto guda biyar, sauran ku yi haƙuri sai wani jiƙon.

Tambaya: Malam barka da aiki. Na shiga wani babban kanti a Abuja naga ƙunshin gahawa guda biyu girmansu ɗaya, ɗaya an rubuta masa oganik kuma kuɗinsa ya fi ɗayan nesa ba kusa ba. Dan Allah wannan ba wayon Turawa bane kawai na cin kuɗin mutane? Daga wata 'yar'uwa, Kano.

Amsa: Hajiya da wayon a ciki, amma ba dukkansa ne wayo ba. Abun da kalmar ke nufi shine an noma gahawar ba takin zamani, ba maganin feshin ƙwari na kemikal, ba maganin kashe ciyawa, kuma ba a haɗa ta da wata gahawar ba tun daga gona har jirgin ruwa. Sai dai abun da mutane basu gane ba shine, a kasuwar duniya kalmar nan ba ta bakin manomi bace, ta takarda ce. Ko manomi ya rantse da Alƙur'ani bai taɓa ganin buhun yuriya ba, in babu satifiket daga kamfanin bincike da aka amince dashi, irinsu Ecocert ko Control Union ko CERES, gahawarsa gahawa ce kawai kamar ta kowa. Dan haka ki juya ƙunshin ki duba, in na Turai ne zaki ga hoton ganye da aka zana da taurari a kan koren fili, da wasu lambobi na kamfanin da ya yi binciken, in na Amurka ne zaki ga tambarin USDA Organic. In kinga kalmar ce kawai aka rubuta da manyan baƙaƙe ba tambari ba lamba, toh wannan kam kuɗin fenti kika biya.

Tambaya: Malam ni ɗan Gembu ne a jihar Taraba. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa ya bar mana itatuwan kofi a gona, wallahi tunda nake ban taɓa ganin an zuba musu takin zamani ba, kashin shanu ne kawai da ganyen da ya zubo. Naji ance irin wannan Turawa na saya da tsada. Ta ina zan fara, kuma wa zan kaiwa?

Amsa: Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Ɗan'uwa tambayarka ce tasa na buɗe wannan filin yau, dan haka ka gyara zama.

Da farko dai wurin da kake ya dace. Tsaunin Mambila yana da tsayi da sanyi irin wanda gahawar arabika, wato irin gahawar da ke yin kyau a tsaunuka, ke so, shi yasa ma cibiyar binciken koko ta ƙasa wadda hedkwatarta ke Ibadan take da reshe a Kusuku tana aiki kan kofi da ganyen shayi. Noman ya ja baya ne sosai bayan an rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, manomi ya wayi gari babu tabbataccen mai saye, da yawa suka bar itatuwan suka tsufa ko suka sare suka shuka masara. Toh amma maganar da zan faɗa maka mai ɗaci ce, kai kaɗai ba zaka iya ba. Ba dan gonarka bata da kyau ba, a'a, lissafin ne baya fita. Mai saye daga Jamus ko Japan da kwantena yake magana, kwantena ɗaya kuwa buhu 320 ne mai kilo 60, wato sama da tan 19 na tsabar gahawa busasshiya, kuma kafin ka samu kilo ɗaya na tsabar sai ka tsinki wajen kilo biyar zuwa shida na jajayen 'ya'yan. Ga kuɗin sifeton da zai zo duk shekara, kuɗin jirginsa da masaukinsa da na gwajin samfur a dakin gwaje-gwaje duk a wuyan mai neman satifiket yake. Manomi mai rabin hekta ko ya sayar da gonar gaba ɗaya ba lallai ta biya ba.

Irin halin da manoman Habasha suka daɗe a ciki kenan. Su ne suka fi kowa noman gahawa a Afirka, can ne ma asalin arabika, har yau akwai wadda ke fitowa da kanta a kurmin Kaffa, kuma mafi yawansu basu taɓa sa taki na zamani ba, ba dan aƙida ba, dan babu kuɗin saye ne, irin na Baba dai. Gahawar tana tsaye ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa da wani tsiro mai kama da ayaba da suke kira ensete, toka da kashin dabbobi da sharar gida ake watsa mata. Amma wannan bai ƙara musu ko sisi ba, dillali yazo ya auna ya biya yadda yaga dama. Abun ya ƙara lalacewa bayan yarjejeniyar ƙayyade fitar da gahawa ta duniya ta rushe a 1989, zuwa 2001 farashi a kasuwar Niyok ya faɗo ƙasa da santi 50 na dala kan kowane fam, fam ɗaya kuwa bai kai rabin kilo ba, giram 454 ne. A yankin Harar mutane suka dinga tumɓuke gahawa suna shuka ganyen chat da ake taunawa, tunda shi ana girbinsa sau da yawa a shekara kuma kuɗi a hannu.

Abun da ya ɗan canza lissafin shine haɗa kai. A 1999 ƙananan ƙungiyoyin gama-kai guda 34 na yankin Oromiya suka dunƙule suka kafa babbar ƙungiya ɗaya, wani masanin noma Tadesse Meskela ya jagoranceta, suka samu izinin fitar da gahawarsu waje kai tsaye ba sai ta bi ta kasuwar gwanjo ba. Mutanen Sidama suka kafa tasu a 2001, na Yirgachefe a 2002. Da wannan ne satifiket ya zama abun da talaka zai iya taɓawa, saboda na rukuni ake yi, takarda ɗaya ta rufe ɗaruruwan manoma, kuɗin ya rarrabu a kansu.

Yadda abun yake aiki kuwa, kuma nan ne mutanenmu ke gajiya, ƙungiya ce zata zama 'yar sandan kanta. Kowane mamba sai an rubuta sunansa da girman gonarsa da adadin itatuwansa da kiyasin abun da zai girba, ya sa hannu kan alkawari, sannan a horar da wasu daga cikin 'yan ƙungiyar su dinga zagaya kowace gona aƙalla sau ɗaya a shekara suna cike fom. Sifeton waje in yazo ba kowa zai gani ba, zai zaɓi wasu ne ba tare da ka san wa zai faɗa wa ba, ya leƙa har bayan ɗaki ko zaiga galan ɗin maganin ciyawa. Kiyasin girbin nan ba dan ado ake yinsa ba, in an rubuta maka kilo 400 sai gaka da 900 a kan sikeli, an san ka sayo ta maƙwabci ka haɗa. Kuma laifin mutum ɗaya yana iya jawo a dakatar da kowa. Sannan akwai jira, ga itace irin gahawa shekara uku ne daga ranar da aka daina sa haramtaccen abu, duk da kamfanin binciken na iya rage wa'adin in an kawo hujja gamsasshiya cewa gonar ta daɗe ba'a sa mata komai ba, wanda kila ya taimaki irinku.

Wani abun da ba'a kawowa a rai shine buhu. A 2008 Japan ta gano ɓurɓushin maganin ƙwari a gahawar Habasha, cinikin ya faɗi warwas na wani lokaci, kuma zargin ya fi karkata ne kan buhunan da aka zuba ta ba gonakin ba. Mu da aka hana wakenmu shiga Turai tun 2015 saboda maganin da ake zuba masa a sito, ai bama buƙatar dogon bayani. Ka noma abu tsaf ka zuba a tsohon buhun taki ko ka jingina shi da jarkar fiya-fiya, shikenan wahalar shekara ta tafi.

Toh nawa ake samu? Bari in baka lissafin da ke rubuce. A tsarin Fairtrade, wato tambarin cinikin adalci da ke ba manomi tabbacin farashi, a watan Agustan 2023 aka sa mafi ƙarancin farashin arabika wankakkiya dala 1.80 kan fam, da ƙarin santi 20 na ayyukan al'umma, in kuma oganik ce a ɗora santi 40. Santi 40 a fam kusan santi 88 kenan a kilo. A ce kana da kilo 300 na tsaba, ƙarin naka dala 264 ne a shekara, shima kafin ƙungiya ta cire kuɗin sifeto da albashin masu cike fom. In ka mayar dashi kan ɗanyun 'ya'yan da kake kaiwa sikeli, wajen santi 15 ne a kilo. Kuɗi ne, ban raina ba, a ƙauye yana biyan kuɗin makaranta, amma ba shine arzikin da ake baka labari ba. Kuma ba duk gahawar da ke da satifiket ake sayarwa da sunan ba, in mai sayen oganik ya ɗauki kwantena biyu kuna da biyar, ukun a farashin kowa da kowa zasu tafi.

Ni a ganina inda kuɗin yake na gaske shine inganci, kuma wannan baka buƙatar izinin kowa ka fara gobe. Ka daina zage reshe gaba ɗaya da ɗanye da nunanne, ja kawai zaka tsinka ko da sai ka koma itace ɗaya sau huɗu. A ɓare a ranar da aka tsinka kar ta kwana a buhu tayi tsami. A daina shanya a ƙasa inda akuya da ƙura ke bi, a ɗaga gado na waya ko na gora, a bari ta bushe har danshinta ya sauko tsakanin kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari. Masu ɗanɗano suna ba gahawa maki cikin 100, wadda ta kai 80 ta shiga aji na musamman, can kuma farashin ya kan wuce wancan santi 40 ɗin nesa. Tsoffin itatuwan Baba ma suna son a datse su daga ƙasa kashi-kashi su sake tofo, kar ka datse duka shekara ɗaya ka zauna ba girbi. Ka tara maƙwabta masu kofi ku yi rajistar ƙungiya, ku je Kusuku ku nemi shawara kan iri, ku fara da masu gasa gahawa na Legas da Abuja da Jos waɗanda basa tambayar satifiket ɗin Turai. Takarda sai in mai saye yace yana so kuma zai biya, kar ku ciyo bashi ku yi ta sannan ku fara neman wanda zai saya.

Tambaya: Malam ina da hawan jini likita yace in rage kofi. In na koma shan oganik ɗin ba shikenan ba?

Amsa: A'a Alhaji, ba shikenan ba. Sinadarin kafeyin da ke hana barci yana sa zuciya bugawa itacen ne da kansa yake yinsa, ba daga taki yake zuwa ba, dan haka oganik da wadda ba oganik ba duk ɗaya ne ta nan. Bambancin da ke akwai na iri ne, robusta wadda aka fi yin kofin gwangwani da na 'yar leda da ita ta ninka arabika yawan kafeyin kusan sau biyu. Ka bi maganar likitanka, ni mai rubutu ne.

Tambaya: Malam kana ta yabon ƙungiya, mu fa mun ga ƙungiyoyi a ƙasar nan, shugaba da ma'aji su cinye a bar mambobi da katin shaida. Su can mala'iku ne? Daga wani tsohon sakataren ƙungiyar manoma, Zariya.

Amsa: Yallabai sakatare, dariya nayi da na karanta, dan naga kace tsohon sakatare baka ce tsohon ma'aji ba. Ba mala'iku bane ko kaɗan. Manoman Habasha ma da tsoro suka shiga, domin zamanin mulkin soja na Dergi, daga 1974 zuwa 1991, dole ake sa mutum shiga ƙungiya kuma gwamnati ke yanka farashi, da mulkin ya faɗi wasu wuraren har wawashe kayan ƙungiyoyin aka yi dan haushi. Sai da aka sha wahala kafin mutane su yarda cewa wannan sabuwar tasu ce. Abun da ya jawo su shine biya na biyu, kakai gahawa a biyaka farashin ranar, bayan an sayar a waje an cire ɗawainiya sai a dawo maka da rabonka na riba gwargwadon kilon da ka kawo, ita babbar ƙungiyar Oromiya tsarinta kashi 70 na ribar ne ke komawa ƙananan ƙungiyoyi. Ranar da manomi ya karɓi kuɗi karo na biyu kan gahawar da ya riga ya manta da ita, ranar yake zama ɗan ƙungiya na gaske. Shekarar da aka ce babu kuwa, ko an ci bashin banki ya cinye ribar, zaka ga ƙafa ta ɗauke.

Kuma babbar matsalarsu ba ma satar ma'aji bace kullum, rashin kuɗi a hannu ne lokacin kaka. Dillali na tsaye bakin hanya da jakar kuɗi, ƙungiya na cewa a jira rancen banki ya fito, mutum kuma yaronsa ba lafiya, wa zai kaiwa? Abun ya fi tsanani in farashin duniya ya tashi. A farkon 2025 arabika ta haura dala 4 kan fam a Niyok, kaga wancan dala 1.80 ɗin da aka ce kariya ce bata da wani amfani a irin wannan shekarar, dillali na biyan kusan abun da ƙungiya zata biya kuma nan take ba fom ba sifeto, sai ƙungiya ta rasa gahawar cika alkawarin da ta sa wa hannu. Tsarin an gina shi ne dan shekarar faɗuwa, amma mutum a shekarar tashi yake mantawa.

Wannan rigima da dillalai ba ta Afirka kaɗai bace. A jihar Wahaka ta ƙasar Meziko manoman gahawa 'yan asalin yankin suna kiran dillalansu koyote, wani karen daji ne mai kama da dila, kunga dila da dillali ko a Hausa ma ba nisa. Su ne suka kafa ƙungiyar UCIRI a farkon shekarun 1980 tare da wani limamin coci ɗan Holan, Frans van der Hoff, kuma daga gahawarsu aka fara tambarin Max Havelaar a Holan a 1988, wanda shine kakan Fairtrade ɗin yau. Maƙwabtanmu Kamaru ma suna da tsohuwar ƙungiyar manoman gahawa ta UCCAO mai hedkwata a Bafusam, wadda aka kafa tun 1958, ta ga zamanin daula ta ga na wahala bayan an saki kasuwa.

Abun da ni yake ban haushi ba ma wannan bane. Duk shekara sharuɗɗan ƙaruwa suke kuma a Brasels, hedkwatar Tarayyar Turai, ake rubuta su ba a Jimma ta Habasha ba. Sabuwar dokar oganik ta Tarayyar Turai ta ce rukuni ɗaya kar ya wuce mutum 2,000, dole manyan ƙungiyoyi su rarraba kansu su sake rajista su ƙara biyan kuɗin bincike. Ga kuma dokar hana sare daji ta 2023 da ke neman a nuna a taswira inda kowace gona take, da hujjar ba'a sare daji an shuka ta ba bayan ƙarshen 2020, an dai ɗage fara aiki da ita amma tana nan tafe. Niyyar mai kyau ce ban musa ba, sai dai babban gandu a Barazil mutum ɗaya zai zauna da kwamfuta ya gama, ƙungiya mai mambobi dubbai kowa da 'yar gonarsa a kan tudu sai an bi su ɗaya bayan ɗaya da waya a hannu. Wanda bai taɓa sare daji ba, wanda ma gahawarsa ce ta sa aka bar itatuwan a tsaye, shine zai fi shan wahalar tabbatarwa.

Ga kuma cuta. In tsatsar ganye ta shigo, irin wadda ta yi wa manoman ƙasashen Amurka ta Tsakiya ɓarna a 2012 da 2013, mai oganik abun da aka yarje masa kaɗan ne, feshin sinadarin tagulla da datse rassa da canza iri, maƙwabcinsa kuwa ya fesa mai ƙarfi ya wuce wurin. Ƙwaron da ke huda 'ya'yan shima sai dai tarko da tsince duk wanda ya faɗi ƙasa da wani naman gwari da ake fesawa yana kashe shi. Aiki ne na hannu, kuma yawanci mata da yara ke yinsa, alhali sunan maigida ne a littafin ƙungiya, shi ake miƙa wa biya na biyun.

Tambaya: Malam ni a Maraɗi nake ina da fili da rijiyar burtsatse, in na samo iri zata yi?

Amsa: Ɗan'uwa kar ka ɓata kuɗinka. Arabika tana son sanyi tsakanin digiri 18 zuwa 22 da ruwan sama daga milimita 1,200 zuwa sama, ku ruwanku da ƙyar ya kai rabin haka, ko ka ce rijiya zata cike giɓin, zafin watan Afrilu mai wuce 40 da iskar hunturu zasu ƙone ta kafin ta kai shekara uku ko huɗun da take fara 'ya'ya. Robusta ta fi jure zafi amma ita kuma laima take so irin ta kurmi. In satifiket ɗin oganik ne ya baka sha'awa ai ba gahawa kaɗai ake yi wa ba, riɗi da zoɓo duk ana yi musu kuma da tsarin rukunin nan ɗaya da na faɗa wa mutumin Gembu, su kuwa ƙasarku ta san su tun kaka da kakanni. Gahawa dai ka bari in kaje Umara ka sayo ta Harar a can, Saudiyya na cikin manyan masu sayen ta Habasha, kasa uwargida ta dafa maka da citta da kanumfari irin jabanar 'yan'uwanmu na Sudan.